Yaushe Ake Fitar da Aikin da Bai Kammala Ba?

Duk ɗalibin da ya taɓa fita tattara kalmomi a ƙasar Maraɗi ya san nauyin kundin da ke kwance a aljihun tebur. Ya zauna da manoman rani a Jiratawa, ya rubuta sunayen kayan ban ruwa. Ya je Tibiri, ya ji yadda Gobirawa ke cewa "munka zo" da "shi na", inda Bakano zai ce "muka zo" da "shi ne". Sai dai rabin kalmomin ba a sa musu karin sauti ba, wasu kuma daga bakin mutum ɗaya kawai aka ji su. Ya fitar, ko ya jira?

Masu manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa sun daɗe da wannan muhawara. A 1991 Linus Torvalds ya saki Linux tun tana jaririya, gyaran jama'a ne ya raine ta. Masu ƙamus sun riga su: na Oxford kashi-kashi ya riƙa fitowa, daga 1884 zuwa 1928.

Amma magana zarar bunu ce. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yau ana ɗebo daga cikinsa, kuma kuskuren da ya hau intanet yanzu na'ura ce za ta kwafe shi, ta yaɗa. Idan ɗalibi ya haɗa sarautar Inna ta Gobir da ta Iya ta Maraɗi a ma'ana guda ba tare da bincike ba, wani zai gina digirinsa a kan wannan tubalin toka.

Jira ma yana da tsada. Tsohon da zai iya cewa "ba haka muke faɗa ba" yana raye ne yau. In an fitar bayan shekara goma, wa zai gyara?

Saboda haka ma'aunin shi ne gaskiya game da giɓin aikin. A fitar ranar da kowace kalma ta zo da garin da aka ji ta da lokacin, aka ware tabbatacce daga wanda ake shakka, aka kuma nemi yardar waɗanda suka ba da bakinsu. Sannan kofen farko ya koma Jiratawa da Tibiri, a karanta wa masu harshen, kafin ya isa teburin malami.