Ranar da na gane ba rigima ɗana yake yi ba

Idan kina da yaron da ke toshe kunne da hannu biyu da zarar maƙwabta sun tayar da janareta, ke nake yi wa magana. Nawa shekararsa 7 yanzu. Yana da lalurar da likitoci ke kira otizim, wasu kuma su ce galahanga, sunan da ni dai har yau bai kwanta mini ba.

Yana ɗan shekara 4 aka yi bikin ƙanwata. Wajen kamu, ana rangaɗa guɗa ya ƙwace daga hannuna, ya shige ƙarƙashin kujera yana buga kansa da ƙasa. Mata suka zuba mana ido. Wata gwaggona ta ce a kai shi a yi masa ruƙiyya, wata ta ce sangarta ce kawai. Kunya ta sa na jawo shi na ɗaɗa masa duka a cinya. Wannan dukan har gobe yana ci mini rai, domin daga baya na fahimci yaron ciwo yake ji. Wata ma'aikaciyar asibiti ta bayyana mini cewa ba wai kunnensa ya fi namu ji ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta tace ƙara kamar tamu. Ke kina iya hira kusa da injin markaɗe ki manta da shi. Shi kuwa injin da hirar da kukan akuya duk tare suke faɗo masa.

Ita ce ta ba ni shawarar hedifon mai rage ƙara. Iri biyu ne, kuma gara ki san bambancinsu kafin ki ɓarnatar da kuɗinki. Akwai marar batir, irin wanda ma'aikatan masana'anta ke sawa, kofuna biyu ne masu soso da ke rufe kunne ruf. Akwai kuma mai caji, wanda ke sauraron ƙarar waje ya fitar da kishiyarta don ta lafa. Mai cajin ya fi tsada sosai, kuma ya fi iya ƙara mai ɗorewa kamar ta janareta ko mota. Guɗa, hon ɗin adaidaita sahu da abin fashewar da yara ke wasa da shi lokacin Sallah, ba ya tare su da kyau. Marar batir na saya, na yara, kuma da irin wutar da muke samu ban yi nadama ba. A jikin kwalin za ki ga lamba, yawanci ashirin da wani abu, wato yawan ƙarar da yake ragewa a ma'aunin desibel. Hirar yau da kullum tana wajen 60, lasifikar biki kuwa tana iya haura 100. Kin ga ba kurmantar da yaro yake yi ba. Idan na kira shi daga kusa yana ji.

Kada ki ɗauka ranar da kika kawo zai sa. Nawa jifa ya yi da shi, saboda yaran nan da yawa ba sa son abu ya matse musu kai. Sai na ajiye shi cikin kayan wasansa. Ni na riƙa sawa ina wanke-wanke, yayyensa suna dariya. Bayan kwana goma ya yarda na ɗora masa na ɗan lokaci yana cin ƙosai, babu hayaniyar komai a gidan. Da gangan na zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, don kada ya haɗa abin da tashin hankali. Ranar da maƙwabcinmu ya ja janareta, na ga ya tashi da kansa ya ɗauko ya sa, ya koma kan wasansa, sai na shige ɗaki na yi kuka.

Daga nan ne kuma na yi kuskure. Daɗin zaman lafiya ya sa na bar masa shi tun safe har dare. Da muka koma asibiti aka ja mini kunne: kunnen da ya saba da shiru kullum yana iya ƙara tsananin jin ƙara, ga shi yaron da ke koyon magana yana buƙatar jin maganar mutane. Yanzu lokuta ne da shi. Kasuwa, gidan biki, aski idan za a kunna inji, sai idan ana ruwa mai tsawa. A bakin titi kuwa, ko yana sanye da shi ko babu, hannunsa na cikin nawa. Lokacin zafin Maris da Afrilu sai na riƙa cire masa ina goge gumi, don ya taɓa yi masa ƙuraje a bayan kunne.

Maganar mutane ba ta ƙare ba. An tambaye ni ko kurma ne, an ce na mayar da yaro Bature. Kakarsa ta wajen uba ta fi kowa adawa, tana cewa Bahaushe bai gaji wannan ba. Ban yi musu da ita ba, na dai ce, "Hajiya, ki bari mu gwada a sunan nan." A sunan jikarta ya zauna kusa da ita kusan awa guda, abin da bai taɓa yi ba a taro, har ya karɓi cincin daga hannunta.

Watan jiya za mu fita gaisuwa, har mun kai zaure sai na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Ke, kin ɗauko masa abin kunnen nasa kuwa?" Na manta shi a kan gado. Ita ta aiki yayarsa ta ɗauko.