Amsar da nake ba yara in an yi rasuwa

Yara suna tambaya a kan mutuwa fiye da yadda muke zato, kuma sau da yawa a lakwal suke yin ta, don a gida an riga an ce musu su yi shiru. Mu malamai da iyaye mun iya gaisuwar rasuwa: "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa." Amma in ɗan shekara tara ya tsare ka da ido ya ce, "Mushe, yanzu babana yana ina?", gaisuwa ba za ta wadatar ba.

Ni Kirista ne, haifaffen jihar Maradi, kuma mafi yawan ɗalibaina Musulmi ne. Ba na wa'azi a aji, lakwal ɗin gwamnati ba wurinsa ba ne. Amma ƴaƴana da yaran ikilisiyarmu suna da haƙƙin jin amsa daga bakina, kuma ina so maƙwabtana su san abin da muke riƙe da shi in mun tsaya a bakin kabari.

Mu Kiristocin kudancin Nijar ba mu da yawa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Zinder a 1924, an buɗe asibitin Galmi a 1950, kakata kuwa a wurin jinya ta fara jin bishara. Ba ta iya karatu ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ni take sa wa in karanta mata Zabura ta 90, addu'ar Annabi Musa. A ciki an kwatanta mutum da ciyawar da ke bushewa kafin dare, an ƙiyasta kwanakinsa shekara 70 ko 80, sannan an nuna shekara dubu a wurin Allah ba ta fi jiya ba. Ni abin tsoro yake ba ni. Ita kuwa sai ta ce, "Ɗan nan, wanda shekara dubu take kamar jiya gare shi, ai ba zai manta da tsohuwa guda ba."

Begenmu a nan ya tsaya. Allah ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, a kan wannan ba mu da saɓani da maƙwabtanmu Musulmi. Abin da Kirista ke ƙarawa yana cikin Matiyu sura 22. Sadukiyawa, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba, sun zo gwada Yesu Almasihu. Ya tuna musu cewa Allah ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu tun bayan sun daɗe a ƙasa. In Madawwami ya ɗaure alkawari da mutum, mutuwar mutumin ba ta kwance shi, don mai alkawarin yana raye. Tashin Almasihu a rana ta uku shi ne shaidar da muke dogara gare ta.

Wannan bai hana kuka ba. Yahaya sura 11 ta ba da labarin hawayen Yesu a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Saboda haka ba na tsawata wa yaro in yana kukan uwarsa.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, an ƙone majami'u a Zinder da Yamai, an kuma rasa rayuka. Wasu Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, alherin da ba mu manta ba. Yaranmu sun ga toka, sun yi tambaya, kuma amsar ita ce dai wannan: gini yana ƙonewa, jiki yana komawa ƙasa, wanda muke bauta wa yana nan.

Iyaye, roƙona guda ne. Kada a ce wa yaro mamaci ya yi tafiya, don zai zauna a bakin zaure yana jiran dawowarsa, ranar da ya gane kuwa zai daina yarda da maganarku. Ku faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa: ya rasu, muna kewarsa, za mu yi kuka tare, yana kuma hannun Allah wanda ba ya mutuwa. In ya sake tambaya gobe, ku zaunar da shi ku sake faɗa masa.