Waya Biyu da Ƙwai Sittin

Duk wanda ya taɓa kwana a Doguwa ko Riruwai cikin watan Janairu ya san sanyin kudancin Kano ba irin na birni ba ne. Ƙasar tudu ce, ga duwatsu, ga dajin Falgore. Amma ba mu saba ɗumama ɗaki da inji ba, kaskon wuta da bargo sun ishe mu. Abin da ba ya jure sanyi a wajenmu shi ne ƙwan da ake son ya zama tsako.

A Ingila gidaje da yawa suna da tukunyar gas guda ɗaya da ke ba da ruwan wanka mai zafi, ta kuma ɗumama ɗakuna. Ana haɗa ta da na'urar daidaita zafi wadda mai gida ke sarrafawa da salularsa. Idan aka buɗe bayan na'urar, sau da yawa duk wayon nata yana ƙarewa ne a kan wayoyin lantarki guda biyu. Ɗaki ya yi sanyi, ta haɗa bakinsu, tukunya ta kama. Ya yi ɗumi, ta raba su. Makunni ce mai ma'aunin zafi, ba wani abu ba.

Wannan aikin ne ya same mu a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, lokacin da gwaggonmu ta kwashi adashenta ta sa kafinta ya yi mata akwatin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai sittin. Ta ce, "Ku da kuka karanta kwamfuta, sai ku sa masa hankali." Kuɗinta na wata goma ke nan ta damƙa mana.

Ƙwan kaza na buƙatar kwana 21 a zafin da bai yi nisa da digiri 37.5 ba. Mun samo 'yar na'urar nan W1209 mai aiki da batir na bolt 12, wanda sola ke cajawa. Bakinta huɗu ne: biyu na wutar da take ci, sauran biyun, K0 da K1, su ne makunnin. Ba sa ba da wuta da kansu, hanya kawai suke buɗewa su rufe. Don haka wayar da ta taso daga batir sai ta shiga ta K0, ta fita ta K1, sannan ta isa ƙwan fitilar da ke ɗumama akwatin. Muka saita ta yadda za ta kunna idan zafi ya sauka 37.3, ta kashe idan ya kai 37.8. Ba don wannan 'yar tazarar ba, da sai ta yi ta kunna-kashe har ta lalace. Kan ma'aunin kuwa muka rataye shi daidai saman ƙwan, nesa da fitila, domin abin da ya ji kaɗai na'urar ta sani.

Gardamar da muka yi a tsakaninmu ita ce ta intanet. Mu masu rubuta manhaja muna son komai ya bi ta hannunmu: akwati ya aiko da rahoto, mu ba shi umarni daga Kano. Amma a ƙauyukan gefen dajin nan sabis yana zuwa ne ya tafi yadda ya ga dama. Ƙwai kuwa ba ya jiran sabis. Muka tsaya a kan cewa hukuncin kunnawa da kashewa zai zauna cikin akwatin. Ƙaramin allon ESP32 da muka ƙara aikinsa ɗaya ne, ya turo mana saƙo in ya samu hanya. In bai samu ba, babu abin da zai tsaya.

Mun kuma yi tunanin ranar da makunnin zai maƙale a kunne. Ƙwai na iya jure sanyin 'yan sa'o'i, amma zafin da ya haura digiri 40 ya daɗe yana kashe ɗan da ke ciki. Shi ya sa muka jera na'ura ta biyu a kan waya ɗaya, wadda za ta yanke wuta a digiri 39 ko da ta farko ta ƙi.

Sauran aikin ba namu ba ne. Gwaggo ce ke juya ƙwan sau uku a rana, bayan ta yi wa kowanne alama da fensir. Ita ke zuba ruwa a faranti, domin iskar hunturu na busar da ƙwai. A kwana na bakwai ta haska su da tocila cikin duhu, ta fitar da waɗanda ba su ɗauka ba kafin su zama baragurbi. A na 18 ta daina juyawa, ta ƙara ruwa, ta hana kowa buɗe murfin. Da muka nuna mata layin zafin a salula, sai ta yi dariya ta ce, "Yaran nan, kaza ma ai takan tashi ta je ta ci abinci, ba ta taɓa aiko wa kowa da saƙo ba."

Tsaki 43 suka fito. Yanzu tana jiran damina, lokacin da zabi ke saka ƙwai. Nasu yakan kai kwana 26 zuwa 28, kuma batirin zai sha hadari. Mun fara lissafin ƙara masa sola ɗaya.