Turaren da ba mu shaƙa ba tukuna

Yau labarin gidanmu muka kawo muku. Wata kwalbar turare ce ta hana mu sakat kusan sati biyu, alhali babu wanda ya taɓa jin ƙamshinta cikinmu, don ko kasuwa ba ta fito ba.

Ƙanenmu zai yi aure bayan Babbar Salla. Mu ƴan uwansa mata huɗu muka ɗauki nauyin haɗa lefe, da kuɗin adashen da muka shekara muna zubawa. Atamfa, leshi, takalma, duk mun gama lissafinsu, saura turare. Ana nan sai ɗan goggonmu da ke zaune a Faransa ya turo muna hoto: wani babban gidan turare na Paris zai fiddo sabon turare wata guda kafin bikin. Baƙar kwalba, murfi ruwan zinariya. Kuɗinta yuro 250. Ku buga da sefa 656, zai ba ku jika 164. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, kun ga kusan gumin wata huɗu ke nan na ƙaramin ma'aikaci. Ya ce mai so sai ya sa suna tun yanzu, ya ba da rabi kafin alƙalami, kuma in kuɗi suka shiga ba su fitowa.

Abin da ke hannunmu duka duka hoton nan ne, da sunaye goma sha ɗaya da aka jera ƙarƙashinsa, kashi uku. Masu sana'ar suna kiran kashi na farko kan turare, na biyu zuciyarsa, na uku gindinsa. A kai an rubuta bergamote, da baies roses, da za'afaran. A zuciya akwai wardi, da yasmin, da lubban. A gindi kuma oud, da vétiver, da sandal, da ambre, da almiski.

Yaya babba tana gama karantawa ta dafa ƙirji. "Wallahi har na ji shi. Oud da wardi da za'afaran? Wanga in ya shiga akwati, dangin amarya sun san daga gidan da aka hito." Mu ma, kar mu ɓoye muku, mun ji shi. Kowace ta lumshe ido tana shaƙar abin da babu.

Autarmu ce ta fara zuba muna ruwan sanyi. Tana karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce ba ta tone ta ba. Ta ce wannan jerin da muke gani ba shi ne abin da aka zuba cikin kwalba ba. Asirin haɗin yana kulle wurin kamfani. In kun duba bayan kwali, abin da doka ta tilasta a rubuta shi ne barasar da aka narka turaren, da ƴan abubuwan da kan tada wa wasu ƙaiƙayin fata, sauran duk an dunƙule su cikin kalma guda, parfum. Shi kuwa jerin kai da zuciya da gindi, kwatance ne ake yi wa mai saye, kamar a ce maka wance tana kama da uwarta. Ta ce tun tsakiyar ƙarni na 19 wani mai haɗa turare a Landan, Septimus Piesse, ya jera ƙamsasa bisa matakan sautin kiɗa, shi ya sa har yau Turawa ke kiran kowane ƙamshi da sunan da suke kiran sauti. To jin sunan kalangu da kuge da algaita ai ba ya gaya maka ko makaɗin ya iya.

Sai ta kawo misalin da ya rufe muna baki. Baccarat Rouge 540, wanda Francis Kurkdjian ya haɗa, ya bazu kasuwa a 2015. Ko ba ku taɓa riƙe na ainihi ba, kun shaƙi kwaikwayonsa, don babu shagon turare a babbar kasuwa da ba ya da irinsa daga Dubai, kuma babu bikin da za a watse ba a bar shi cikin iska ba. A takarda an ce za'afaran, yasmin, itacen sida, ambar. A hanci fa? Zaƙi kamar sukarin da aka ƙona za a yi alewa, da wani abu mai ɗan gishiri-gishiri, wasu ma sukan ce yana tuna masu ɗakin likita. Wa zai karanta sunayen nan huɗu ya hango alewa? Babu. Kuma turare ne da ya karɓu a duniya, ba aibata shi muke ba.

Daga nan muka bi sunayen namu ɗaya bayan ɗaya, auta tana fassara, mu muna gardama.

Bergamote ɗan uwan lemun tsami ne, ana noma shi a Kalabiriya, kudancin Italiya, daga ɓawonsa ake tatso mai. Shi ne wannan ƙamshi mai wartsakarwa da ke bugun hanci da an fesa. Amma ba ya daɗewa. Ko a ƙasar sanyi minti goma sha biyar zuwa rabin awa ne, balle nan da zafin bazara ke haura 40, ga bikin kuma cikin zafin zai faɗo. Kafin a ɗauko amarya daga Bagalam a kai ta Zariya, kan turaren ya tafi. Shi ne kuma abin da mai shago ke saida muku, don shi kuke shaƙa a wuyan hannu kuna tsaye gaban kanta. Za'afaran na turare galibi haɗin ɗakin gwaji ne, ƙamshinsa ya fi kusa da na sabuwar fata da aka jeme. Wardi kam muna iya yarda akwai na gaske a ciki, ko da ɗigo ne, tunda sai an tara furanni sama da tan 3 kafin a samu kilo guda na mansa.

A gindin ne muka daɗe, don can kuɗin suke, can kuma aka fi ruɗin mu.

Mu in aka ce oud, abin da ke zo muna shi ne guntun itacen da alhazai ke tsaraba da shi daga Makka, a ɗora bisa garwashi, hayaƙinsa ya kama labule kwana uku. Itacen daga kurmin Asiya yake zuwa, Assam ta Indiya, Kambodiya, Laos, Biyetnam. Bishiyar ba ta ƙamshi sai ta ji ciwo, wani ƙwayar cuta ya shige ta, ta fidda baƙin ƙaro tana kare kanta. An sare ta har ta yi ƙaranci, aka sa cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai da dabbobi ta duniya. Larabawa da Indiyawa sun ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi. Manyan gidajen turaren Turai kuwa sai a 2002 suka shigo da shi gadan-gadan, da M7 na Yves Saint Laurent, sannan Oud Wood na Tom Ford a 2007. Kuma abin da mafi yawansu ke kira oud haɗi ne da aka gina da wasu sinadarai, an wanke shi tas, an cire masa wannan warin garke da na ainihi ke da shi. Auta ta ce cikin abubuwan da ake gina shi da su har da man saiwar wata ciyawa ta Indiya, cypriol. Da ta nuna muna hoton ciyawar sai muka kwashe da dariya. Dangin ƙajiji ce. Ƙajijin da ake auna muna na dala ashirin.

Haka vétiver. Sunan ya yi muna kwarjini, ashe ɗan uwan jema ne, wadda ke fitowa bakin fadama, kakanninmu ke jefa saiwarta cikin randa ruwa ya yi ƙamshi. Nasu dai daga Haiti aka fi kawo shi. Lubban ɗinsu daga Somaliya ko Oman, ƙaron bishiyar da take dangin hano. Ambre kuma, da Yaya ta ɗauka ambar ne na kifin teku, a bakin masu turare suna ne na wani haɗi mai ɗumi da zaƙi, na jawul da banila da wani ƙaro. Almiski na barewar dutse an daɗe da barin sa, na yanzu ƙirar masana'anta ne, yawancinsa ƙamshin tufafin da aka wanke aka goge.

Duk wannan surutu Inna tana zaune bisa tabarma tana gyaran zogale, ba ta ce uffan ba. Inna ƴar Damagaram ce, a hannun uwarta ta koyi humra da turaren wuta, kuma rabin amaren unguwarmu da haɗinta aka kai su ɗaki. Can sai ta ce, "Ke auta, sake karanta mini sunayen nan da Hausa." Aka karanta. Ta ce, "Ku ɗauko mini kasko, ku zo da garwashi."

Ta shiga ɗaka ta fito da ƙullin tsummokaranta. Ɗan ƙaron hano, saiwar jema, ƙajiji, garin sandal, jawul, ta ɗiga man wardi, ta murza da yatsa, ta barbaɗa bisa wuta. Hayaƙi ya tashi. Tsakar gida ta yi tsit.

Jama'a, abin da muke shaƙa cikin kanmu tun ranar da hoton nan ya zo, shi ne wannan. Ba mu san ƙamshin Paris ba, ina muka san shi? Da muka karanta oud da sandal da lubban, ɗakin Inna muka shiga, ranar Juma'a da hantsi, Baba yana shirin masallaci. Shi muka ɗauka muka zuba cikin baƙar kwalbar mutane, har muna shirin biyan jika 164.

Yaya ba ta sauka ba. Ta ce, "Inna, naki daban, nasu daban. Su fa shekara da shekaru suke gwaji kafin su hiddo abu." Kuma gaskiyarta ce. Wanda ya haɗa turaren nan ba wasa yake ba, watakila ya yi gwaji ɗari kafin ya tsaya kan guda, kuma yana iya yin abin da hancinmu bai taɓa ji ba. Kaskon Inna bai nuna turaren ba shi da kyau ba. Abin da ya nuna, mu ne ba mu san shi ba. Inna ta dube ta ta ce, "To ɗiyata, ƙamshin kike so ko murfin?" Yaya ta yi dariya ta ce duka biyu. Nan ma ba mu ga laifinta ba. Ranar buɗe lefe idanu ake tarawa, ana ɗaga kaya ɗaya ɗaya ana guɗa, kuma kwalbar da ba a taɓa gani ba a garin nan tana da nata aikin tun ba a buɗe ta ba. Duk wadda ta taɓa kai akwati gidan surukai ta san abin da muke nufi.

In kun tambaye mu hasashenmu kan turaren, ga shi, ku riƙe muna. Zai buɗe da kaifi mai daɗi, ya gushe da wuri. Sannan wardi da za'afaran su hau, irin hanyar da turaruka da yawa suka bi tun da oud ya shiga Turai, don haka ba ma sa ran sabon abu can. Gindinsa zai zama itace mai tsabta, mai ɗan zaƙi, babu hayaƙi, zai kwana a mayafi. An rubuta eau de parfum a kwalbar, wato mai ya kai kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, sauran kusan duk barasa ce, ita kuwa ba ta jure rana. Muna jin da hunturu, Disamba ko Janairu, zai yi daɗi ƙwarai. A ɗaki cike da mata cikin zafin bazara, muna tsoron ya yi nauyi ya sa amarya ciwon kai. Ba banza ba Bintu Sudan, da wani kamfanin Ingila ya fiddo tun 1920, ya zauna a ƙasashen nan har ana yin sa a Kano: mai ne zalla, yana lafewa a fata, zafi ba ya kwashe shi da sauri. Wata ƙila mu yi kuskure a duk wannan. Ai shi ya sa ba mu son sa kuɗin adashe bisa wata ƙila.

Ranar Lahadi muka yanke magana, uku suka rinjayi ɗaya. Ba za mu ba da kafin alƙalami ba. Mun yanko ƙyalle biyu, ɗaya daga atamfa, ɗaya daga mayafi, za mu ba wani ɗan unguwarmu da zai tashi daga Yamai ya kai wa ɗan goggo. Ranar da turaren ya fito, ya tafi shagon ya fesa a kansu, ya ƙulle kowane cikin leda, ya roƙi ƴar kwalbar gwajin nan ta mililita 2 da suke badawa, ya aiko da duk wanda ya samu. In sun iso, amarya ce za ta shafa, ba mu ba, tunda fatar kowa da yadda take juya turare. Ta shafa da azahar, mu shaƙa da la'asar, mu sake shaƙa bayan isha'i. In ya ci jarrabawa, kuma akwai sauran kwalba a shagon, mu saya ko da bayan biki ne, a kai mata ɗaki.

Ɗan goggo ya ce zai yiwu kafin nan an saye na farko duka. Yaya ta ce in haka ta faru kar wanda ya yi mata magana sati guda, kuma har yanzu hoton baƙar kwalbar ne a fuskar wayarta. Jika 82 ɗin da za mu tura mun ƙara atamfa biyu da su, saura muka damƙa wa Inna. Jiya da safe mun tarar ta aiki yaro kasuwa, ta baza farce a faranti tana wankewa, ta ce humrar amarya tana son sati shida a rufe kafin ta nuna.