Tsohon Katako Da Sabon Fenti

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, sai noman rani ya zauna da gindinsa a wannan yanki. Manomi yakan girbe shinkafa da kaka, ya shuka alkama ko tumatir ko albasa da sanyi, ya sāke samun kuɗi kafin damina. In kuɗi ya shigo kuwa sai a ta da maganar aure, aure kuma sai da kayan ɗaki, gama a al'adar Hausawa iyayen amarya su ke yin gado da katifa da kujeru da kabad. Amma ba kowane uba ke da ƙarfin sababbi ba, saboda haka da yawa sukan nemi na hannu.

A Kura akwai wata dattijuwa, dillaliya, wadda sana'arta ke nan. Ita za ta zaɓo kayan, ta sa kafinta ya gyara, sa'an nan ta jagoranci 'yan jere ran kai amarya. Mutane sun yarda da ita ne don ba ta cinikin biri a sama. Kome nisan gida sai ta je ta ga kayan da idonta, da rana tsaka, ta sa an fito da su tsakar gida, domin duhun ɗaki yana rufa wa kaya asiri.

Abin da takan fara dubawa shi ne irin katakon. Takan kankare fenti kaɗan a bayan gado, inda ido ba ya kaiwa. In ta ga jan katako mai nauyi, watau maɗaci, ko kuwa loko da ake kawowa daga Kudu, sai hankalinta ya kwanta, gama tsohon katako ya sha damina da hunturu, ya gama kumburi da tsukewa. Sabon da aka yanko ɗanye shi ne ke tsagewa in hunturu ya busa. Amma in ta ga allon nan na garin katako da aka matse da gam, sai ta bar shi kome kyansa, don ƙasar noman rani ba ta rabuwa da danshi, shi kuwa da ya sha laima sai ya kumbura, ƙusa ta daina kama shi.

Daga nan sai ta ƙwanƙwasa ƙafafu. Lafiyayyen katako amonsa a cike yake, wanda gara ta ci kuwa sai ya yi ƙara kamar ƙwarya. Takan duba ƙananan huji masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki. Takan girgiza kujera ta ji ko mahaɗinta ya saki, ta jawo kowace durowa ta mayar. A ƙarshe ta bi lungunan gado da ɗinkin kujera tana neman baƙin ɗigo-ɗigo, watau kashin kuɗin cizo. Tsohuwar katifa kam ba ta saye ko a kyauta.

Wata shekara wani manomi daga ƙasar Bunkure ya sayar da shinkafarsa, ya kawo mata kuɗin don auren 'yarsa ta fari. Suka tafi tare wani gida, aka fito da gadaje biyu. Ɗaya yana walƙiya, da madubi a fuska, ga araha. Ɗayan ya koɗe, amma mutum biyu da ƙyar suka ɗaga shi. Manomi ya ce, "Inna, ku dubi wannan mai madubin. Ai shi zai fid da mu kunyar dangin miji."

Ta ce, "Ɗan nan, dangin miji kallon yini ɗaya za su yi su watse, yarinyar nan kuwa a kansa za ta yi jego. Miƙa hannunka ka taɓa ƙasansa."

Ya taɓa, sai allon ya marmashe a yatsunsa. Ya yi shiru, gama ya tuna taki da kuɗin ruwa da tsaron tsuntsu da suka tara wannan kuɗi. Da ta bi son zuciya, da ta saya masa mai madubin ta riƙe rarar, ba mai ganewa sai damina ta faɗi. Sai ta sayi mai nauyin, ta sa aka goge shi da sanfefa, aka ƙara ƙusa, aka shanya shi kwana uku a rana, aka shafe shi da sabon fenti, ta lissafa wa manomi abin da aka kashe har kuɗin amalanke.

To, mai neman kayan hannu sai ya riƙe wannan: ya je da rana, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya duba bayan kaya kafin fuskarsu, ya haɗa kuɗin gyara da kuɗin saye kafin ya ce ya yi araha. Wanda aka aika kuma ya tuna kuɗin gumin wani ne a hannunsa, amana kuwa za a tambaye shi ita gobe Kiyama.