Ƙawalli, ga batun fandeshan ɗin nan



Na ga saƙonki, bikin ƙanwarki ya faɗo cikin Disamba, kina tsoron fuska ta yi miki furu-furu a hoto. Da gaskiyarki. Iskar hunturu zuƙe danshin fata take yi, fandeshan kuwa in ya hau busasshiyar fata sai ya taru a gefen hanci da ƙasan ido, ya tsattsage tun ba a gama kamu ba.

Tun daga wanke fuska ake gyara wannan. Ki wanke da ruwa mai ɗumi, kada ya yi zafi, ki shafa mai tun fuskar ba ta gama bushewa ba. Ki nemi mai gilisarin a ciki, domin shi janyo ruwa yake yi ya riƙe a fata. Man kaɗanya kuwa ki bar wa dare, yana da nauyi, fandeshan zamewa yake yi a kansa. Ki ba man kamar minti biyar ya shige.

Abin da ya fi damuna shi ne kala. Don Allah kada mai shago ya lallaɓa ki ɗauki wanda ya fi ki haske. Raina yana ɓaci in ga mace kyakkyawa, baƙa mai sheƙi, fuska fara wuya baƙi. A da muna da uzuri, kalolinmu ba sa samuwa, amma tun da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da kala 40, kamfanoni suka farga. Ga kuma namu na gida, House of Tara da Zaron, don fatarmu aka yi su. Ki gwada a muƙamuƙi, kada ki gwada a bayan hannu, sannan ki fita hasken rana da madubi. Ki ɗan dakata kuma, wani yana ƙara duhu in ya sha iska. Wanda ya ɓace a fatarki har kika rasa inda kika shafa, shi ne naki.

Ki sayi na ruwa-ruwa. Ɗigo biyu sun isa. Ki jiƙa soson kwalliya ki matse shi sosai, ki riƙa dannawa a hankali daga tsakiyar fuska zuwa gefe, ban da gogawa. Inda tabo yake kaɗai za ki ƙara. Hoda a goshi da karan hanci kawai, kumatu ki bar su da sheƙinsu, in ta yi yawa ita ce ke yin fari in hasken kyamara ya doke ta.

Ki yi alwalarki kafin ki zauna kwalliya, musamman in fandeshan ɗin irin wanda ruwa ba ya ratsawa ne. Kuma ki duba lambar NAFDAC, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Ki turo min hoton ankon in taya ki zaɓen jan baki. A gaida Mama da amarya.

Taki,
ƙawarki ta Kano