Babur zai kai ka bakin kogi, amma bai iya iyo ba

Duk wanda ya tashi a Ɗorayi ya san yadda gari yake wayewa idan aka kwana ana ruwa a watan Agusta. Iska ta yi sanyi, ƙura ta kwanta, ga shi ana dogon hutu. A irin wannan safiya hankalin samari yakan koma kogi. A da nisa ne yake tsare yara a gida. Yanzu kuwa da wuya a rasa mai babur a cikin abokai, ko nasa ko na yayansa. A haɗa kuɗin lita ɗaya, a hau uku-uku, a bi titin Panshekara, kafin iyaye su ankara an kai bakin kogin Challawa.

Ni ma ina cikin masu son ruwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yawancinmu 'yan makaranta ba mu da kuɗin shiga wurin iyo na otal, kogi shi ne namu. Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, ranar da kogin nan ya fi kiran mutum ita ce ranar da ya fi haɗari.

Wani dattijo mai haƙar yashi ne ya fara nuna mana haka. Mun isa mu biyar a kan babur biyu, ruwa ya cika ya yi ja, shi kuma yana zaune a gaɓa, shebur ɗinsa a jingine. Muka gaishe shi, ya amsa, ya ce, “Samari, wanka za a yi?” Muka ce, “E, Baba.” Sai ya karya kara ya jefa a inda muka ga kamar ruwan a tsaye yake. Karan ya ɗan yi gaba, ya juya sau biyu, ya nutse, bai sake ɓullowa ba sai can ƙasa da nisa. Ya ce, “Nan wurin jiya iya gwiwa ne. Ƙasansa ramin da muka haƙa wa tifa ne. Ni da na haƙa shi, yau ban shiga ba.” Ranar a gaɓa muka zauna muna cin gyaɗa muna sauraronsa.

Abu uku na riƙe, wasu daga bakinsa, wasu daga malaminmu na labarin ƙasa. Na farko, ƙasan kogi ba ya zama yadda ka bar shi. Ana ɗibar yashi, ruwa kuma yana kwashewa yana jibgewa, don haka wurin da ka taka makon jiya yana iya zama rami a yau. Na biyu, ruwan da ke gabanka ba na unguwarku ba ne kaɗai. Kogin yana gangarowa ne daga yamma, ta wajen Ƙaraye inda aka kammala madatsar Challawa a 1992, ya wuce Panshekara, ya je ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa. Ruwan da aka yi a ƙauyukan sama yana iya isowa bayan rana ta fito a Kano. Na uku, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke kwatoci ya zuba a kogi. Yankunan masana'antu na Sharaɗa da Challawa suna da kamfanonin jima da na saƙa, kuma ana jimar fata da sinadarin kuromiyam. Rafin Salanta da ya ratsa Sharaɗa a Challawa yake zubewa, kamar yadda ruwan Bompai yake bin Getsi zuwa Jakara. Yayana da ke aiki a wani kamfanin fata ba ya taɓa ruwan wurin aikinsa sai da safar roba.

Wannan jaraba ba ta 'yan Kano ba ce kaɗai. A Kanada da Amurka, idan dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a ƙarshen hunturu, masu wasan zamiya sukan bar filayen da aka tanada, su hau babur ɗin ƙanƙara, irin Ski-Doo da kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959, su nausa tsaunukan da babu mai gadi don su zame a kan sabuwar ƙanƙara. Matsalarsu irin tamu ce: inji yana kai mutum inda iliminsa bai kai ba. Sabuwar ƙanƙara ba ta gama kama ta ƙasanta ba, rana kuma tana narkar da ita, sai ta zaftare ta binne mutane. A watan Maris na 2010, a tsaunin Boulder kusa da garin Revelstoke na Kanada, ta rufto wa taron masu irin wannan babur duk da an yi gargaɗi, mutum biyu suka mutu, da dama suka jikkata.

Abin da ya burge ni shi ne tsarin masu hankali a cikinsu. Suna duba sanarwar haɗari mai mataki 1 zuwa 5 kafin su fita. Kowa yana ɗauke da shebur, da sandar lalube, da na'urar da ke nuna inda aka binne shi, domin wanda aka tono cikin minti 15 na farko shi ya fi samun tsira. Ba sa ratsa gangare tare, sai ɗaya bayan ɗaya, saura suna kallo. Idan alamu ba su yi kyau ba, sukan juya gida, ba a kiran kowa matsoraci.

Mu ma a rukuninmu mun yi namu tsarin. Ba ma zuwa washegarin babban ruwa, sai kogi ya ja baya ya washe. Muna gaya wa wani babba a gida inda za mu. Muna tafiya da igiya da jarka mai murfi, mutum ɗaya kuma yana tsayawa a gaɓa. Muna tambayar masu yashi da masunta kafin mu tuɓe riga. Idan wani ya fara nutsewa, igiya ko jarka ake jefa masa, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare.

Duk damina jami'an kashe gobara na jihar Kano suna ciro gawarwaki daga koguna da kududdufai, da yawa kuma yara ne da samari. A layinmu akwai uwar da har yau ba ta son jin ƙarar ruwa a kan kwano, kuma ɗanta ya fi mu duka iya iyo. Kogi yana nan, ba inda za shi. A ba shi kwana biyu ko uku ya huce. Allah ya tsare mu, ya sa mu koma makaranta ba a rasa kowa ba.